Kofin da Za Ka Mayar wa Gwaggo

Hayin Banki,
Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa gare ka, kai da ka san kanka. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Gusau lafiya, ya tsare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama. Amin.

Ranar da za ka tafi ka tsuguna a ƙofar ɗakina kana jiran in yi maka magana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “To, Allah ya kiyaye hanya,” na juya na shige madafa kamar miya tana ƙonewa, alhali ko wuta ban hura ba. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, ban saba doguwar magana da kai ba. Tun da aka raɗa maka suna har ka tafi bai taɓa fita daga bakina ba, kai ma ka taso kana ce mini Yaya yadda ka ji ƙannena suna faɗa. To bakina ya kasa, amma hannun nan da ya tsufa yana buga wa gwamnati takardu bai kasa ba. Ka nemi wuri ka zauna, takardar tana da tsawo, kuma babu labarin gida a cikinta.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Tun da likita ya zaunar da mu ya ce jinin da aka ƙara maka shekarun baya, lokacin da mota ta kwashe ka a kan babur a Kawo, ya zo da ƙwayar cutar ƙanjamau, hankalina bai sake kwanciya ba. Daga ni sai kai, sai likita, sai Kawunka Bala da yake aiko mana da magani daga ƙasar waje, babu wanda ya sani. Mahaifinka Allah ya ɗauke shi kafin ya ji. Maganin kuma ya karɓe ka, alhamdu lillahi, ka yi kumatu har ka fara yi wa mutane iyayi da sabuwar hula. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga duk lokacin da ka leƙa lahira tun da ka fara shan farin kafso ɗin nan, indinabir, ba ciwon ne ya kai ka ba. Ko dai an haɗa maganin da abin da ba ya so, ko an hana shi abin da yake so, kuma kowane da hannuna a ciki. Yanzu ga shi za ka zauna a gidan Gwaggonka Asabe, yayar mahaifinka, wadda ba ta san komai ba, kuma ba a yi mata musu.

Ka tuna da gwangwanin madara? Lokacin damina ce. Maƙwabciyarmu tana yawan shigowa ɗakina hira, ga 'yarta tana karatun aikin jinya, sai na ji tsoron wata rana yarinyar ta ɗauki kwalbar ta karanta abin da ke jiki. Na juye kafson duka a tsohon gwangwanin madarar gari, na tura bayan samiru a cikin kabad. Ɗan ƙunshin nan da ke cikin kwalbar, mai kama da gishiri, na ɗauka shara ce, na haɗa da kwalbar na jefa a masai. Ina ta jin daɗi ni mai dabara. Ba a jima ba kafson ya yi laushi, ya riƙa mannewa da juna, kai kuma kana ɓanɓarowa kana haɗiya ba ka ce mini komai ba.

Da muka koma asibiti likita ya ce, “Hajiya, ina kwalbar?”

Na ce, “Ai na sake masa wuri ne, likita.”

Na miƙa masa gwangwanin, ya buɗe ya duba. Sannan ya ce, “Wannan maganin danshi ne abokin gabansa, ɗan ƙunshin da kika jefar shi ke tsare shi. In ya jiƙe ƙarfinsa ya ragu. Ita kuma ƙwayar cutar nan, in aka riƙa ba ta magani rabi-rabi, sabawa take yi da shi. Daga nan ko an kawo mai kyau ba za ta ji ba.”

Don haka ka bar maganinka a kwalbarsa, da ƙunshinsa a ciki, ka riƙa ɗaure murfin tam. Kada ka ajiye shi a banɗaki ko kusa da randa. 'Yar jakar atamfar da na ɗinka maka ta isa ta rufe shi daga idon masu leƙe-leƙe, amma kada ka ɓare takardar da ke jikin kwalbar. In wata rana aka kai ka asibiti ba ka iya magana, ita za ta yi magana a madadinka. Kuma kada ka jira sai ka ji kwalba tana ƙarar wofi sannan ka aiko. Da ta kai rabi ka ba direban motar Kaduna saƙo, ba a tsallake shan maganin nan, ba a kuma rage shi don ya daɗe.

Sai maganar abinci, wadda har yau ina faɗa da zuciyata a kanta. Ni yadda aka rene ni, ba wa mutum magani cikinsa babu komai mugunta ce. Likita ya ce ka sha shi awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayan ka ci, na ce to, a raina kuwa na ce wannan bai taɓa rainon ɗa ba. Kullum da safe sai na ajiye maka waina tana naso da mai, ko ƙosai da kunu, in tsaya a kanka sai ka cinye, sannan in miƙo kafso. In cikinka ya murɗa in dama maka kunun kanwa mai kauri. Da aka auna jininka aka ga ba ya tafiya yadda ake so, likita ya tambaye ni yadda kake sha, na faɗa masa da alfaharina. Ya ce maiƙo da abinci mai nauyi suna tare maganin a ciki, kaɗan ne yake isa jini. Kanwa kuwa tana kashe tsamin ciki, shi kuma sai da wannan tsamin yake narkewa. Ashe ina ƙoshar da kai ne ina barin ciwon yana hutawa.

To ka ji. Sau uku ne a rana, awa takwas-takwas, yadda muka tsara: bayan sallar asuba, da azahar, da lokacin kwanciya. In yunwa ta matsa maka, busasshen burodi da baƙin shayi ba sa hana shi aiki, amma ban da bota, ban da madara mai yawa. Na san gidan Gwaggo. Ana idar da azahar za a dire maka tuwo, man shanu yana yawo a kan miya, ta zauna tana yi maka fifita tana cewa yana hucewa. Ka bar shi ya huce. Ka ce mata ka fi son sa da sanyi, ai kai dama ba a rasa ka da tsirfa.

Na azumi ya fi wannan muni. Kai da kanka ka zo ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, “Yaya, likita fa ya ce kada in yi.” Ni kuma na ce, “Ƙato kamarka a gan shi yana shan ruwa da rana, me za a ce a unguwa? Gwada mana, Allah zai kawo sauƙi.” Ba tsoron Allah ne ya sa na faɗi haka ba, tsoron bakin mutane ne, gara in faɗi gaskiya. Ka matse maganin tsakanin shan ruwa da sahur, yini guda ba ɗigon ruwa a cikinka, alhali an gaya mana kafson nan sai da ruwa mai yawa, in ba haka ba yana daskarewa ya zama tsakuwa a ƙoda.

Wata rana bayan la'asar ina jajjagen kayan miya na ji nishi. Na same ka kana birgima a kan tabarma, ka riƙe kwiɓinka, gumi ya jiƙe rigarka sharkaf. Da ka yi fitsari a fo na ga jini. Ban san lokacin da na fita titi ba mayafi a karkace na tare tasi. Katin asibitinka ma a gida na manta shi. Muna isa, mai ba da kati ya ɗago kai ya ce, “Sunan marar lafiya?”

Na yi tsaye.

Ya ce, “Hajiya, sunansa nake tambaya. Ba ɗanki ba ne?”

Kana kan benci kana murƙususu, ba ka iya ko buɗe baki, ni kuma ina waige-waige ko akwai wanda zai faɗa a madadina. Daga ƙarshe sai da na lalubi aljihunka na zaro katin makarantarka na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi katin, ya girgiza kai ya rubuta. Wannan tsayuwar da na yi tana nan a raina har yau.

Bayan an sallame ka na je wurin malaminmu na islamiyya, ban faɗi sunan ciwo ba. Na ce, “Malam, mutum ne yake shan maganin da ba a tsallakewa, kuma sai da ruwa.” Ya ce, “Likita ya ce azumi zai cutar da shi?” Na ce ya ce. Ya ce, “To ya sha, ya ciyar. Hajiya, abin da Allah bai ɗora masa ba, ke me ya sa za ki ɗora masa?” Na tashi na yi godiya.

Don haka in azumi ya zo, ka ciyar, kada ka ɗauka. Duk wanda ya tambaya ka ce kana da ciwon ƙoda kuma likita ya hana, ba ƙarya ka yi ba. Ruwa kuwa, gorar da na saya maka ka cika ta ka shanye, ka sake cikawa, kullum. Zafin Gusau ba irin namu ba ne, kuma aikin gona da aka ba ka na yawo a rana ne. In ka ji kwiɓinka ya soke, ko fitsari ya canza kala, kada ka kwanta kana jiran ya wuce, ka tafi asibiti a ranar.

Yanzu ga wanda ya fi su duka haɗari. Ka yi ta fama da ciwon ɓarin kai, kana kwance ka rufe fuska da matashi. Na ga asibiti da nisa, ga layi, sai na zari mayafi na je kemis ɗin Iliya na bakin kasuwa. Ya ce, “Hajiya, wa zai sha?” Na ce, “Ni ce.” Ya ce, “Kina shan wani magani?” Na ce babu. Ya ɗauko wasu 'yan ƙwayoyi ya ce, “Ga wannan, na ɓarin kai ne, sha yanzu magani yanzu.” Kada ka ga laifin Iliya, ya yi tambayar da ta kamata, ni ce na yi masa ƙarya don kada ya tambaye ni me ke damunka.

Kan ya sauka, na yi ta sa wa Iliya albarka. Ka ƙara sha washegari. Bayan nan ka fara cewa ƙafafunka suna yi maka nauyi, na ce gajiya ce. Ran nan da hantsi ka tashi za ka fita, ƙafa ta ƙi ɗaukar ka. Na taɓa tafin ƙafarka na ji shi kamar ruwan randa, yatsun sun fara yin duhu. Na dafa ruwa na gasa maka, na shafa man zafi, ba abin da ya canza, sai ma kuka da ka fara yi, kai da ko ranar da aka yi maka kaciya an ce ba ka yi ba.

A asibiti likita ya danna ƙafar nan yana neman bugun jini bai samu ba. Ya juyo ya ce, “Me ya sha ban da namu?”

Na ce, “Babu komai.”

Ya ce, “Hajiya, ki tuna da kyau. Ko na gargajiya, ko na kemis, ko wanda wani ya ba shi.”

Na ce, “Sai dai ɗan na ciwon kai. Wannan ai ba wani magani ba ne.”

Na zaro ragowar daga jakata. Yana karantawa na ga fuskarsa ta canza, ya kira ma'aikaciyar jinya da ƙarfi, aka fara guje-guje. Sai daga baya ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce kafsonka yana tare hanyar da hanta take bi ta fitar da wasu magunguna daga jiki. Wannan na ɓarin kan sai ya taru a jini, ya shaƙe jijiyoyi, jini ya daina isa ƙafa. Ƙwayar da ni zan sha in tashi garau, a jikinka ta zama kamar ka sha tuli. Ya ce, “Da kun ƙara jinkiri, da yanzu maganar yanke ƙafa muke yi.”

Na zauna a ƙarshen gadonka. Duk bayan ɗan lokaci sai in zura hannu ƙarƙashin zanen gado in taɓa yatsunka in ji ko sun fara ɗumi. Rabon da in riƙe ƙafarka tun kana goye. Kai kana zaton gyara maka zane nake yi, na bar ka a haka. Ranar da na ji ɗumi ya dawo babban yatsanka, fita na yi bayan ɗakin na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska na dawo na ce maka sauro ya yi yawa a wurin.

Abin da likita ya gaya mini bayan nan na haddace shi kamar karatun allo, kai ma ka haddace. Babu ƙaramin magani a wurinka. Na ɓarin kai ka riga ka gani. Akwai wasu na barci da in ka sha za su iya danne maka numfashi ka wuce daga barcin. Akwai wasu na mura da ƙaiƙayin jiki, irin waɗanda ake yabo wai ba sa sa barci, su kuma bugun zuciya suke rikitawa. Farin ruwan nan na gyambon ciki aikinsa ɗaya da kanwa. Wanda ya fi ja mini kunne a kai shi ne na tarin fuka, mai mayar da fitsari ja. Shi ba taruwa yake yi ba, cinye naka maganin yake yi, ka yi ta sha kamar ba ka sha. Kuma tari yana bin masu irin lalurarka. In ka fara tari ya ƙi tafiya, likitan Gusau zai iya rubuta maka shi da kyakkyawar niyya, don bai san abin da ke cikin jakar atamfa ba. Kafin ya ɗora biro a takarda ka fito da kwalbar ka ajiye a gabansa, da sauran ƙwayoyin da kake haɗawa da ita, ka ce ya yi magana da likitanka na Kaduna. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan kuma ka san tana shan jini. In ka ga tafin hannunka ya yi fari, kana haki daga ɗan tafiya, awon jini za ka je, ba kemis neman maganin ƙarin jini ba.

Akwai hakkin mutane kuma a kanka. Maganin nan danne ciwon yake yi, bai kore shi ba. Rezarka taka ce kai kaɗai, askarka ma ka riƙa tafiya da ita wurin wanzami, kada ka miƙa hannu ga masu yankan farce na kan titi, kada ka yarda a yi maka ƙaho. Gwaggo za ta fara nuna maka 'yan matan unguwa kafin ka gama kwance kaya, na san ta. Wannan ba maganar da uwa take yi da ɗa ba ce, amma zan faɗi guda: kada ka ɗauki 'yar mutane a kan ɓoye. Sauran ka tambayi likita, shi ba ya jin nauyinka.

Na bar maganar Gwaggo a ƙarshe don ita ce ta hana ni sakat. Ka tuna zuwanta na bara, da ta sauka a nan za ta wuce Rigasa biki? Lokacin idonka ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Likita ya riga ya auna ka, ya ce kafson ne yake sa haka, a dai riƙa dubawa. Tana ganin ka ta kama haɓarka ta juya fuskarka wajen haske. Ta ce mini, “Ke Amarya,” don har yau Amarya take ce mini da furfurata, “ba ki ganin idon wanga yaro? Shawara ta. Mi kuke jira?”

Na ce, “Ai yana ganin likita, Yaya Asabe.”

Ta ce, “Likita mi ya sani ga shawara? Ɗauko min ƙwarya.”

Ta kwance ƙullinta, saiwoyi da sassaƙe da jar kanwa, ta jiƙa. Da yamma ta tace ta cika kofin silba ta miƙa maka, ta ce, “Shanye shi duka, kada ka rage.” Ka karɓa da hannu biyu. Kafin ka kai baki ka dube ni ta saman kofin, ni kuwa na dubi ƙasa. Na san abin da likita ya ce, babu wanda ya san abin da ke cikin jiƙo balle ya san yadda zai yi da maganinka. Na san hantarka tana da aikin da ya ishe ta. Amma yayar mijina ce, baƙuwa ce a ɗakina, ta taso da ƙullinta tun daga Gusau saboda ƙauna. Na kasa cewa a'a, kai kuma ka ga na kasa, ka shanye.

Ta tafi bikinta tana murna. Kai kuma ka kama amai da gudawa, duk kafson da ka haɗiya sai ya dawo, har sai da aka ɗaura maka ruwa. Awon hanta ya fito ba kyau, aka daɗe kafin ya daidaita. Da ta dawo ta ga ka rame ta ce shawarar ce take fita, na ce haka ne.

Wannan a gidana ke nan, ina tsaye. Yanzu kana gidanta, kana cin tuwonta, kana kwana a ɗakin da ta share maka. Idonka zai sake yin ɗorawa, kanka zai sake ciwo, kuma kofin nan zai sake zuwa. Gwaggo ba muguwa ba ce, ita ta fara yi maka wanka da ka zo duniya, shi ya sa abin ya fi wuya. Ga abin da nake so ka yi. Ka karɓa da hannu biyu yadda aka koya maka, ka yi godiya, sannan ka ajiye shi a gabanta ka ce, “Gwaggo, ki gafarce ni, ina shan maganin asibiti da aka hana ni haɗa shi da komai.” Kada ka karɓa ka zubar a bayan ɗaki, gobe za ta ƙaro wani ta tsaya a kanka. Za ta yi fushi. Za ta ce boko ya lalata ka, za ta ce uwarka ce ta zuga ka, za ta kai ƙara wurin dangi. Ka ce mata e, Yaya ce ta hana, ta zo Kaduna ta same ni. Na yi shekaru ina sunkuyar mata da kai, wannan karon zan ɗago. Fushin Gwaggo yana hucewa kafin a kira magariba, na sha gani. Ranka kuwa in ya tafi ba ni da inda zan samo wani.

Na san abin da kake cewa a ranka. Kana cewa Yaya tana da bakin faɗa, ita da ta kasa. Gaskiyarka. Ba zan sa ka abin da ni ban gwada ba. Kunyar nan da na shayar da kai ita ce ta juye maganinka a gwangwani, ita ta sa ka azumi, ita ta yi wa Iliya ƙarya, ita ta tsayar da ni a gaban mai ba da kati kana murƙususu a kan benci. A wurinmu ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma a kan maganin nan ba ta da wuri, kuma ni zan fara ajiye tawa.

Yau da hantsi, kafin in zauna rubutun nan, na tsaya a tsakar gida na faɗi sunanka da bakina. Da farko bai fito ba, sai iska. Na sake, ya fito, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, “Lafiya, Hajiya? Ya dawo ne?” Na ce bai dawo ba, gwadawa nake yi. Ƙasa ba ta tsage ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ga shi kuma zan rubuta, ka gani da idonka.

Nasiru.

Nasiru, ɗana, ka mayar da kofin. Ka faɗi sunan maganinka a gaban duk wanda zai ba ka wani, ko da muryarka tana rawa. Ina so in sake kiran sunan nan a tsakar gidan nan ka amsa.

Allah ya tsare mini kai a zaune da tafe, ya tsare cinka da shanka, ya sa maganin ya ci gaba da karɓar ka, ya ba ka ƙarfin zuciyar da ni ban samu da wuri ba. Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Ka gaishe da Gwaggo da kyau, ka ce ina nan tafe.

Wassalam.

Ni ce wadda kake ce wa Yaya,
Mahaifiyarka.